Aladun Daji a Amurka: Gwamnati Ta Ƙarar da Su, Ko a Bar wa Mafarauta?

Manomin masara a kudancin Amurka yana iya gama shuka da yamma, washegari da sassafe ya tarar an bi layukan gonar ɗaya bayan ɗaya an tone irin tas, kai ka ce ɗan ƙwadago aka ɗauka don ya warware aikin. Idan filin kiwo ne kuwa, sai a ga ƙasa a birkice kamar an sa mata garma, ga ramuka ko'ina waɗanda za su iya karya ƙafar saniya ko su lalata injin yankan ciyawa. Aikin aladun daji ke nan, kuma galibi da dare suke yinsa. Ba gadun da muka sani ba ne, wato mugun dawa, wanda asalinsa ɗan dajin Afirka ne. Waɗannan jikokin aladun gida ne da suka ɓalle suka koma daji. Na farkonsu sun shiga yankin tare da Sifaniyawa, musamman ayarin Hernando de Soto da ya sauka a Fulorida a 1539. Daga baya masu sha'awar farauta suka shigo da aladen dajin Turai, kamar waɗanda aka kai Hooper Bald a jihar Karolina ta Arewa a 1912, jinsunan biyu suka cakuɗe.

A farkon shekarun 1980 jihohin da ke fama da su ba su kai 20 ba. Yanzu ana samunsu a jihohi wajen 35, an ƙiyasta yawansu ya haura miliyan 6, kuma Ma'aikatar Gona ta Amurka ta taɓa lissafa ɓarnarsu da kuɗin yaƙarsu a kan kimanin dala biliyan 2.5 duk shekara. Babu mai musun cewa sun zama annoba. Inda aka rabu shi ne wanda za a damƙa wa aikin. Wasu sun ce gwamnati ta ɗauki ƙwararru ta ƙarar da su, ko da hakan zai kai ga hana farautarsu. Wasu kuma sun ce ƙasar cike take da masu bindiga da karnuka waɗanda za su yi aikin kyauta, har ma su biya don a bar su su yi, saboda haka babu dalilin taɓa kuɗin haraji. Mai gona da ake neman izinin shiga filinsa, da ɗan majalisar da zai kaɗa ƙuri'a kan doka, da mazaunin gundumar da aladun suka fara ɓulla, kowannensu sai ya tsaya a ɗaya daga cikin ɓangarorin nan.

Ma'aunin da za a riƙe

Kafin a auna komai sai an san lissafin haihuwar dabbar, domin shi ne ke yanke hukunci a kan kowace dabara. Macen alade tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba. Cikin nata wata uku ne da mako uku da kwana uku, kamar yadda masu kiwo ke ƙirgawa, tana haifar 'ya'ya biyar ko shida a lokaci guda, kuma idan abinci ya wadata takan haihu sau biyu a shekara. Saboda haka masana a jihar Teksas suka lissafa cewa sai an kashe kusan kashi biyu cikin uku na aladun duk shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake, ba ma a zo maganar raguwa ba. Duk dabarar da ta kasa kai wannan adadi, komai yawan gawarwakin da aka jera aka ɗauki hoto, aladun za su cike gurbin kafin shekara ta zagayo.

Daga nan sai tambayoyin da aka saba. Kuɗi nawa aikin zai ci, kuma daga aljihun wa? Sakamakon zai ɗore, ko kuwa baɗi za a sake daga farko? Aikin yana da sauƙin aiwatarwa a ƙasar da yawancin filaye na mutane ne ba na hukuma ba? Wane haɗari ke ciki ga mutane da dabbobin gida? Akwai kuma tambaya ta biyar wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ko da yake ba a cika sa ta a lissafin kuɗi ba: wanda aka ba aikin, ƙarewar aladun riba ce gare shi ko asara?

Hanyar gwamnati

Ma'aikacin gwamnati ba ya fara aikinsa da bindiga. Yakan fara da masara da kyamara. Aladu suna yawo ne a garke, iyaye mata da 'ya'yansu, yayin da manyan maza ke yawonsu su kaɗai. Mai tarko zai zuba masara a wuri ɗaya kwana da kwanaki, yana kallo ta kyamarar da ya ɗaure a jikin bishiya, har ya san garken guda nawa ne, ya gane tsohuwar uwar da ke tsayawa a baya tana shinshina iska. Sannan ya kafa shingen ƙarfe da'ira guda, ya bar ƙofar a buɗe, ya ci gaba da zuba masara a ciki. Wani lokaci yakan yi mako biyu ko fiye yana jira. Idan garken 18 ne, 17 suka shiga, ba zai saki ƙofar ba, domin wadda ta rage a waje ta ga abin da ya faru, ba za ta ƙara kusantar shinge ba, kuma 'ya'yan da za ta haifa za su bi sawunta. Sai daren da duka suka shiga, ya danna wayarsa daga gida, ƙofa ta faɗo. Inda daji ya yi sarari, musamman lokacin hunturu da ganye ya zube, akan yi harbi daga jirgi mai saukar ungulu. Idan an zo kan 'yan ragowar, akan kama guda, a sa masa abin wuya mai aika sigina, a sake shi ya je ya nemo 'yan'uwansa. Ma'aikata suna kiransa aladen Yahuza, da sunan almajirin da Kiristoci ke cewa ya ci amanar Annabi Isa.

Tsadar wannan hanya ba ɓoyayyiya ba ce. A 2014 Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala miliyan 20 don shirin ƙasa na yaƙar aladun, dokar noma ta 2018 kuma ta ƙara dala miliyan 75 don wani shirin gwaji a jihohin da abin ya fi tsanani. Misalin da ya fi fito da farashin fili shi ne tsibirin Santa Cruz da ke gaɓar Kalifoniya. An raba tsibirin gida biyar da shinge, aka ɗauko wani kamfanin ƙwararru daga Niyuzilan, tsakanin 2005 da 2006 suka kashe aladu 5,036, aikin ya ci kimanin dala miliyan 5. Wato kusan dala 1,000 ke nan a kan kowane alade, adadin da duk mafaraucin da ya ji sai ya yi dariya, tunda shi harsashi ɗaya ya ishe shi. Amma wanda ya raba kuɗin daidai a kan kowane kai ya yi kuskuren lissafi. Dubban farko suna da arha. Na ƙarshen, waɗanda suka ƙware wajen ɓuya, su ne ke cinye kuɗi da lokaci, kuma su ne ainihin abin da ake biya dominsa, tunda idan aka bar su an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Wajen ɗorewa, babu abin da ya kama ƙafar wannan hanya idan ta yi nasara. Tun da aka gama aikin Santa Cruz ba a sake biyan kuɗin kashe alade a can ba. Wata ƙaramar yanyawa da babu irinta sai a tsibirin, wadda gaggafa ke cinyewa bayan 'ya'yan aladu sun jawo gaggafar wurin, ta farfaɗo har aka cire ta daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa a 2016. A tsibirin Santiago na Galapagos da ke ƙasar Ekwado ma an kai ga haka a shekarar 2000, sai dai bayan shekara 30 ana fama, an kashe sama da 18,000. Amma tsibiri teku ce ta kewaye shi. A kan tudu nasarar ta fi samuwa inda aladun ba su riga sun yi yawa ba. Jihar Kansas ta hana farautarsu don nishaɗi a 2006 ta bar aikin ga ma'aikata, yawansu ya ragu ƙwarai. Jihar Kolorado ta sanar a 2020 cewa ta ƙarar da duk garkunan da ta sani.

Jihar Misuri ce ta fi nuna wahalar hanyar. A 2016 hukumar kula da namun daji ta jihar ta hana farautar aladu a filayenta, a ƙarshen 2019 kuma aka faɗaɗa hanin zuwa babban dajin gwamnatin tarayya na Mark Twain, tare da roƙon jama'a cewa wanda ya ga alade ya kai rahoto, kada ya harba. Mutanen tsaunukan Ozark da suka gaji farauta da karnuka sun fusata, suna ganin an ƙwace musu al'ada an miƙa wa masu cin albashi. A 2020 ma'aikata da abokan aikinsu sun kashe sama da 12,000, a 2022 kuma kimanin 6,300, hukuma ta ce raguwar alama ce ta cewa aladun ne suka yi ƙaranci. Masu adawa ba su gamsu ba. Kuma ko a Misurin, hanin bai shafi filayen mutane ba. Mai gona ɗaya da ya ƙi buɗe ƙofarsa ya isa ya zama mafakar da aladu za su riƙa fitowa daga cikinta suna cika na maƙwabta. Babban haɗarin wannan hanya shi ne na siyasa: majalisa ta rage kasafi bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da ƙorafin manoma ya lafa, ragowar aladun su hayayyafa, kuɗin baya ya tafi a banza.

Hanyar mafarauta

Dole a yi wa mafarauta adalci. Su ne ke amsa kira cikin dare idan garke ya faɗa wa gona, ba tare da cike takarda ko jiran layi ba. Baitulmali ba ya biyansu komai. A Teksas, inda aka ƙiyasta akwai aladu wajen miliyan 2.6 a gundumomi 253 daga cikin 254, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasar jihar mallakin mutane ne, babu wata ma'aikata da ke da ma'aikatan da za su isa. Shi ya sa jihar ta sakar musu mara. Ana farauta kowane lokaci na shekara, babu iyakar adadi. A 2011 aka halatta sayar wa masu sha'awa kujera a jirgi mai saukar ungulu su yi harbi daga sama, a 2019 kuma aka soke buƙatar lasisi ga wanda zai farauci alade a filin wani da izinin mai filin. Sana'a guda ta tsiro a kan haka: masu jirage, masu masauki, masu karnuka, da masu kama aladun da rai suna sayar wa mayankar da ke fitar da naman zuwa waje. Mai gona ma yakan karɓi kuɗin shiga daga baƙi, ya rage asarar da aka yi masa.

Matsalar ita ce lissafin da muka fara da shi. Ƙiyasin masana na Teksas ya nuna cewa duk hanyoyin da ake bi a jihar, farauta da tarko a haɗe, suna cire ƙasa da kashi ɗaya cikin uku a shekara, alhali ana buƙatar biyu cikin uku. Dalilin ba ragwantaka ba ne, yanayin farautar ne. Maharbi ya tarar da garke mai aladu 20, ya harbi ɗaya ko biyu, sauran su watse. Galibi ƙaton namiji mai haure yake nema, wanda kashe shi bai rage haihuwa da komai ba, tunda wani namijin zai maye gurbinsa. Waɗanda suka tsira kuwa sun koyi darasi: su koma fita sai tsakar dare, su ƙaura zuwa gonar maƙwabci, su guji duk wani abin da ke warin mutum. Idan mai tarko ya yi kwana goma yana lallashin garke, harbi ɗaya ko haushin karnuka a daren na goma sha ɗaya ya rushe aikin gaba ɗaya. Wannan ne ya sa hanyoyin biyu ba sa haɗuwa a fili ɗaya a lokaci ɗaya. Tufka da warwara ake yi.

Abin da ya fi wannan muni ya faru a Tenesi. A 1999 jihar ta buɗe farautar aladu a ko'ina ba tare da iyakar adadi ba, da niyyar a rage su. A lokacin ne suka fi bazuwa, daga gundumomi 15 zuwa kusan 80 cikin 95 na jihar, kuma suna ɓulla a wuraren da ke nesa da juna, inda babu yadda za a yi alade ya kai kansa da ƙafa. A bayan motoci aka kai su, aka sake su, don a sami abin farauta kusa da gida. A 2011 jihar ta janye, ta cire aladen daga jerin namun farauta ta mayar da shi cikin dabbobi masu ɓarna. Ba a ce duk mafarauta ne suka aikata haka ba. Ƙalilan ne, kuma sun karya doka. Amma mutum ɗaya da mota ɗaya da aladu mata biyu masu ciki sun isa su kafa sabon garke a gundumar da ba ta taɓa ganin alade ba. Nan ne amsar tambaya ta biyar take: mafaraucin kirki ma yana so baɗi ya dawo ya tarar da abin harbi, mai masaukin da ke cin abinci da baƙi kuwa ƙarewar aladu rufe kasuwarsa ce. Manomin da ke gefe shi ke kwana da asara, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Akwai masu neman tsaka-tsaki, wato gwamnati ta biya lada a kan kowace wutsiya da aka kawo. An gwada a sansanin soja na Fort Benning da ke Jojiya a 2007 da 2008, inda ladar ta kai dala 40 a kan wutsiya. Masu bincike sun gano cewa aladun ƙaruwa suka yi a lokacin, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne abincin da mafarauta ke zubawa don jawo su, wanda ya ƙara musu ƙiba da haihuwa. Wasu gundumomin Teksas suna biyan 'yan daloli a kan wutsiya, amma wannan ya fi kama da tallafin harsashi.

Ta fuskar haɗari, mai feɗe alade da hannu ba safa yana iya kamuwa da cutar burusela mai sa zazzaɓi mai daɗewa, akwai kuma wata cutar aladu da ke kashe karnukan farauta cikin 'yan kwanaki. Babban abin tsoron masu kiwo shi ne zazzaɓin aladu na Afirka. Lokacin da ya ɓulla a aladun dajin yankin Zlín na Jamhuriyar Cek a 2017, matakin farko da hukuma ta ɗauka shi ne hana farauta a tsakiyar yankin don kada dabbobin su watse da cutar, ta kewaye wurin, daga baya ta sa ƙwararrun maharba na 'yan sanda. A 2019 aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar a wancan karon.

| Ma'auni | Gwamnati ta ƙarar | A bar wa mafarauta |
|---|---|---|
| Manufa | Kada a bar ko ɗaya | A rage, a ci gaba da farauta |
| Kuɗi | Mai yawa, daga haraji | Kusan babu ga hukuma. Mai fili na iya samun kuɗin shiga |
| Ɗorewa | Dindindin idan an gama kuma an hana sake shigowa | Sai an maimaita duk shekara |
| Sauri | A hankali, makonni kan garke ɗaya | Nan take, amma kaɗan ake samu |
| Sauƙi | Sai da izinin masu filaye da goyon bayan majalisa | Ba ya buƙatar sabon tsari |
| Babban haɗari | A yanke kasafi kafin a gama | Watsa garke da kai aladu sababbin wurare |

Wace hanya ta dace da wa

Tsibiri, ko gandun da aka kewaye da shinge, ko wurin da wata dabba ko tsiro ke gab da ƙarewa saboda aladu, ba shi da zaɓi biyu. A ɗauki ƙwararru, a ware kuɗin da zai kai har kan na ƙarshe da na sa ido bayan an gama, kuma kada a fara idan kuɗin rabin aiki ne kawai a hannu.

Jiha ko gundumar da aladu suka fara ɓulla a cikinta, garke biyu nan uku can, ita ma hanyar gwamnati ce ta dace da ita, kuma a nan ne hana farauta ya fi amfani, duk da cewa a nan ne ya fi wuyar bayyana wa jama'a. Ana hanawa ne tun kafin a sami masu cin abinci da aladun, domin da zarar sana'a ta kafu, duk dokar da za a kawo sai ta ci karo da masu kare tukunyarsu. A haɗa da hukunci mai tsanani a kan ɗaukar alade mai rai a mota ko sakinsa. Haka ma duk inda cuta ta ɓulla: a dakatar da farauta a yankin har sai ma'aikatan lafiyar dabbobi sun gama.

Jiha mai matsakaicin yawa irin Misuri tana iya bin hanyar gwamnati, amma sai ta shirya wa rigima ta shekaru, ta kuma jawo masu filaye da tarko kyauta da ma'aikacin da zai zo idan an kira shi. Inda aka hana mutum harbi sannan aka bar shi yana jiran ma'aikaci wata guda, shi da kansa zai koma wa bindigarsa.

A Teksas da makamantanta, wanda ya yi alkawarin ƙarar da aladu da kayan aikin da ake da su yanzu yaudarar masu zaɓe yake yi, hana farauta kuma zai ɗauke wa manomi ɗan taimakon da yake samu ne kawai. Abin da ya rage wa hukuma a can shi ne tsare iyakar da aladun ba su ƙetare ba, da taimaka wa maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi tarko mai kyamara, wanda farashinsa ke kai dubban daloli, su riƙa aiki a kan fili mai faɗi a lokaci guda.

Shi kuwa mai gona ɗaya da ke tsakiyar wannan yanki, ya fara tantance abin da yake so. Idan kuɗin baƙi yake nema, ya karɓi mafarauta, ya san cewa aladun za su zauna tare da shi. Idan masararsa yake son ya girbe, ya sa tarko kafin lokacin shuka, ya hana kowa harbi a filin har sai an kama garken, sannan ya kira masu karnuka su bi ɗaya ko biyun da suka ƙi shiga. Idan zai biya wani ya yi masa aikin, kada ya tambaye shi nauyin ƙaton da ya kashe. Ya tambaye shi garken guda nawa ne a kyamara, mata nawa ya kama, nawa kuma suka rage.